Farfesa Hambali da Rabin Hula

Labarin da ya zagaye Fagge a 'yan kwanakin nan shi ne wai Hambali mai wankin hula ya zama Farfesa. A ƙofar Kantin Kwari cewa aka yi ya tsaya a gaban malaman jami'a ɗari bakwai ya yi musu lacca da Turanci, awa uku cur, ko ruwa bai kurɓa ba. Kafin zancen ya ƙarasa Bata Turancin ya koma Jamusanci, har da wata Baturiya da ta suma don daɗi, aka yi ta yi mata fifita da takardar taro. A teburin mai shayi kuwa na ji wani yana rantsuwa cewa jirgi za a aiko a kai shi Abuja ya riƙa wanke hulunan majalisa gaba ɗaya, da 'yan sanda biyu masu gadin sabulunsa.

To jama'a, ku kwantar da hankalinku. Maganar Baturiya ni na ƙara ta, kuma na janye. Sauran ban san wanda ya ƙirƙira ba, amma ina jinjina masa. Gaskiyar ita ce Hambali ya je taron, ya kuma yi magana, sai dai da Hausa ya yi ta, tsawonta ma bai kai cinikin tumatir ba. Ina wurin, don ni na kai shi a kan acaɓata.

Sunana Abdulƙahhar. Mahaifiyata Huseina ƙanwar mahaifin Hambali ce, ciki ɗaya, saboda haka ni abokin wasansa ne, da lasisin tsokanarsa aka haife ni, kuma ba kotun da za ta ƙwace. In kun ga rubutun nan yana ɗingishi ku yi haƙuri. Ina aji biyu na sakandare aka tashe mu tara, na fita sayen ƙosai, har yau ban koma ba.

Kakanmu daga Barno ya zo fatauci, ya sauka a Fagge da niyyar kwana bakwai, ya yi shekara hamsin. Barbarcin da ya rage mana a gida bai wuce na gaisuwa da na faɗa ba. Amma ya bar sana'a, ɗinkin hula, kuma ɗansa Kawu Gana, mahaifin Hambali, shi ya gaje shi. Duk wanda ya san bayan Kwari a wancan zamani ya san rumfarsa: tabarma, bango a bayansa, farin ƙyalle a kan gwiwa, allura tana shiga tana fita tun hantsi har la'asar. Hula ɗaya sai ta ci masa wata biyu. Mutum ne marar yawan magana, in kuwa ya yi, muryar ƙasa-ƙasa take fitowa kamar ana jan buhun gero a kan siminti.

Hambali shi kaɗai ne ɗansa. Yana shekara bakwai aka damƙa masa allura, yana sha biyar masu saye suka daina bambance layinsa da na ubansa. Hannu dai akwai, ƙafa ce ba ta zama. A shekarar saba'in da tara, lokacin da soja suka fara miƙa mulki, gari yana ta kiɗa da jam'iyyu, Hambali yana ɗan sha bakwai ya soke allurarsa a tabarma ya haye motar shanu mai zuwa Anaca. Ba sallama, ba sai na dawo.

Shekara biyu ya yi yana bin mota. A tashar Anaca wani direba ɗan Fagge ya yi masa ta'aziyyar ubansa, yana zaton ya sani. Ashe har sadakar arba'in an yi.

Da ya dawo, mahaifiyarsa dama ta daɗe da rasuwa, sai mahaifiyata ta shiga ɗaki ta fito da wani gwangwanin biskit ta ajiye a gabansa. A ciki akwai hula da aka ɗinka rabinta da shuɗin zare, ɗaya rabin fari fat sai zanen biro, allura tana soke daidai inda ɗinkin ya tsaya.

"Ya ce a ba ka," in ji ta.

"Gwaggo, bai ce komai ba kuma?"

"Abin da ya ce ke nan."

Hambali ya yi wa kansa fassara, kuma fassarar ta zauna masa a ƙirji shekara goma sha takwas. A ganinsa tsohon cewa yake yi: ga aikin da ka gudu ka bar ni da shi, har na mutu ban gama ba. Wato da fushinsa ya tafi. Tun daga ranar bai sake riƙe allura ba. Bai kuma iya barin hula ba, sai ya zauna a rumfar ubansa ya kama wanki. In an tambaye shi sai ya ce idonsa ne ba ya gani sosai. Idon da yake hango tsokar nama a kwanona daga tsallaken titi.

Wankin kuwa ya iya shi fiye da kima. Sabulu, burushi, sitaci, sannan a kifa hula a kan icen da aka sassaƙa kamar kan mutum a jera a rana. In ka leƙo layinsu da hantsi sai ka ce masu sanƙon Kano ne suka kira taron gaggawa. Ba ya rubuta suna a jikin hula. Kallo ɗaya zai yi mata ya gaya maka mai ita, da irin turarensa, da gefen da yake karkata ta, har da ko yana da fushi a gida. Wannan na ƙarshen ni na ƙara, amma kaɗan ya rage ya zama gaskiya.

Matarsa Khairiyya ce ta tsegunta mini cewa duk Juma'a in ya dawo masallaci sai ya buɗe gwangwanin nan, ya kalla, ya rufe. Na shirya masa tsokana mai kyau a kan haka, na je rumfa da ita a bakina. Kafin in fara sai ya ce, yana goga burushi bai dube ni ba:

"Abdulƙahhar, kana tuna muryar Baba?"

"Wa zai manta? Kamar ana jan buhu."

"Ni ta ɓace mini. Ina tuna yatsunsa, ina tuna tabon da ke goshinsa. In na rufe ido ina ganin bakinsa yana motsi, amma ba na jin komai."

Ranar tsokanar ta gudu ta bar ni a tsaye.

Sai ga bana, casa'in da tara, soja sun sake komawa bariki. Duk wanda ya taɓa mafarkin zama kansila ya tono hulunansa daga ƙasan akwati. Kai ɗaya, hula bakwai. Aiki ya yi wa Hambali yawa har yana cin abinci da burushi a hannu.

Ana cikin haka wata Talata sai ga Baba Boniface ya shigo layin yana dogara sanda. Tsoho ne mai sayar da zare da allura a kasuwar Sabon Gari, a wurinsa Kawu Gana ya yi shekara da shekaru yana sayen zare. Hambali kuwa tun da ya dawo bai taɓa bi ta gaban shagonsa ba, don kunya. Ina zaune a kan babur ina shan rake, komai a kunnena.

"Ɗan Gana," in ji tsohon, "shekara goma sha takwas kana zagaye layina kamar ina cizo."

Hambali ya durƙusa. "Baba Boni, ba haka ba ne, aiki ne ya..."

"Aiki. To tashi ka ji. Ka tuna 'yata Philomena? Yanzu Dakta ce, tana koyarwa a jami'a can kudu. Lokacin tana ɗaliba aka ce ta nemo tsohon mai sana'a ta yi hira da shi, ni na turo ta wurin ubanka da rikoda. Bayan tafiyarka ne da wata uku. Kaset ɗin yana nan. Ranar Asabar malamai suna da taro a kan sana'o'in hannu, za ta sa shi a ji. Da safe za ta iso, da yamma ta juya, Litinin tana da aji."

Burushi ya suɓuce ya faɗa cikin bokiti.

"Ya yi maganata a ciki?"

"Ni zare nake sayarwa, ban saurari kaset ba. Ka je ka ji da kunnenka."

Ranar Asabar tun bakwai na safe muna ƙofar wurin, babban zauren wani otal da malaman suka kama a bakin Sabon Gari. Hambali ya sha farar shadda, gwangwaninsa a cikin leda ya matse a hammata. Duk hanya ina ce masa ya sassauta, ba mai ƙwace biskit ɗin da aka cinye tun zamanin soja na farko. Bai kula ni ba. A takarda an rubuta ƙarfe tara za a fara. Sai sha biyu saura aka buɗe da addu'a, don babban baƙo, wani sabon ɗan majalisa, yana can yana zaɓen hular da zai sa.

A bakin ƙofa wata budurwa mai rubuta sunaye ta tambaye mu daga wace jami'a muke. Na ce, "Shi daga Jami'ar Sabulu da Burushi, ni kuma direbansa ne." Da Baba Boni bai iso a lokacin ba da a waje za mu yi taron. Ya ce mata baƙin Dakta ne, muka shige muka zauna can baya.

Daga baya ba abin da kake gani sai ƙeya da hula. Nan fa Hambali ya ɗan sami abin da zai riƙe hankalinsa. Ya matso yana raɗa mini: "Waccan ni na wanke ta ran Laraba. Waccan a gida aka goge ta, dubi inda dutsen guga ya cinye zare. Waccan kuwa aro ce, ba kansa ba ne." A lissafina rabin ilimin da ke zauren nan a cikin wankinsa yake zaune.

Aka yi jawabai har kujera ta fara gajiya da ni. Wani malami ya yi bayani a kan marina, da Turanci mai ƙashi, kalma ɗaya sai ka huta a tsakiyarta. Na yi barci sau biyu, duk sanda na farka yana nan a kan baban rini da toka. Tsakanin lacca da lacca ake sako masu wasa. 'Yan koroso suka shigo da kacau-kacau a ƙafa suka girgiza dandamali. Samarin Sabon Gari suka biyo da gangunansu da ƙararrawar ƙarfe, suna alkafura, wani a kan kafaɗar wani har hawa uku, na ce yau silin zai sami baƙo. Sannan aka busa algaita irin ta Barno, har tsigar jikina ta tashi na tuna kakanmu. Na taɓa Hambali in ce ya ji. Ashe bai ga ko ɗaya ba. Idonsa yana kan wata baƙar rikoda da ke kan tebur a gaban wata mata mai tabarau da ɗaurin atamfa, wato Dakta Philomena.

Da aka tashi sallar azahar Baba Boni ya ce Hambali ya zo ya gaisa da Dakta.

"Bari ta gama aikinta, Baba."

"Tsoro kake ji?"

Hambali ya sunkuyar da kai. Aka raba shinkafa da kaza bai taɓa ba. Na taimaka masa, don zumunci.

Dakta aka sa a ƙarshe, la'asar ta kawo jiki. Shugaban zaman, wani Farfesa mai furfura a gemu, ya jawo makirufo ya yi magana da Turanci, ya maimaita da Hausa: lokaci ya ƙure, babban baƙo yana da wani wurin zuwa, masu rawar rufe taro suna jira, saboda haka Dakta ta taƙaita a minti biyar, kaset kuma a bar shi sai wani jiƙon. Ta roƙe shi. Ya nuna mata agogo. Ta kai hannu za ta zare wayar rikoda daga bango.

Sai na ji kujerar kusa da ni ta yi ƙara. Hambali ne a tsaye. Mutumin da ko a ɗaurin aurensa ba a ji muryarsa ba.

"Ranka ya daɗe."

"Tambayoyi sai an gama, Malam."

"Ba tambaya ba ce. Ni ne Hambali na bayan Kwari. Hular da ke kanka, jajibirin sallah ka kawo mini ita ana kiran magariba, ban ce maka lokaci ya ƙure ba. Mai magana a kaset ɗin nan ubana ne."

Laccar ke nan gaba ɗayanta, ba Jamusanci, ba Baturiya.

Farfesa ya ɗaga hannu a hankali ya shafa hularsa. Wani ya fashe da dariya a gaba, sai kowa ya ɗauka, sai tafi. Farfesan ma ya yi murmushi ya ce, "Dakta, sa mana kaset. Masu rawa su sha ruwa tukuna."

Ta danna. Da farko shuuu kawai ake ji, sai kukan kaza, sai hon ɗin mota can nesa. Muryar wata yarinya ta yi sallama ta faɗi sunanta. Aka yi tari sau biyu. Sannan aka fara jan buhun nan a kan siminti.

Ban san sanda Hambali ya bar kujera ba. Na waiga na gan shi ya tuɓe takalma ya tsuguna a tsakiyar hanya, kansa a ƙasa, hannu ɗaya a kan gwiwa, yadda muke yi a gida in babba yana magana. A gidanmu ba a taɓa ɗa yana kan kujera ubansa yana magana ba, shi kuwa bai ga dalilin da zai sa otal ya canza wannan ba. Wani ma'aikacin wurin ya taho da sauri zai ɗaga shi, yana zaton jiri ne ya ɗebe shi. Baba Boni ya tare shi da sanda.

"Bar shi. Ubansa ke magana."

Kawu Gana ya yi bayanin zare, wanda yake zuba da wanda ba ya zuba. Ya ce ba a ɗinki da fushi, don zaren yakan ɗaure, kuma mai sa hular zai ji a goshinsa. Malamai suna ta rubutawa. Can yarinyar ta ce, "Baba, wa zai gaje ka a wannan sana'a?"

Kaset ya yi ta juyawa ba magana. Har na ɗauka ya lalace.

"Ina da yaro," in ji muryar. "Hambali."

"Na'am, Baba."

Daga ƙasa amsar ta fito, a hankali, amma duk zauren an ji. Ba wanda ya yi dariya. Ni ma ban yi ba, ku rubuta wannan ku ajiye.

"Ya bi mota," Kawu ya ci gaba. "Ni ma ina kamarsa na bi fatake har Fotlami ta ƙasar Chadi, na dawo. Kin ga wannan da ke hannuna? Rabi zan yi in tsaya. Haka ubana ya yi mini. Uba ya ɗinka rabi, ya soke allura, ya miƙa wa ɗa. Ba a miƙa wa wanda ba a yarda da hannunsa ba. Ran da ya ƙarasa ya zama maɗinki, ba mai sake duba masa aiki. Wannan ta Hambali ce, tana jiransa." Ya yi tari. "Hannunsa ya fi nawa. Amma kada ki gaya masa, kansa zai kumbura, ba hular da za ta shige shi."

Sai dariya. Dariyar Kawu Gana, wadda ni a rayuwata sau biyu na taɓa ji.

Dakta Philomena ta kashe rikodar. Ta cire tabarau ta goge, ta mayar, sannan ta ce a makirufo, da Hausarta ta 'yar Sabon Gari, "Malam Hambali, shekara ashirin na riƙe amana ban gaya maka ba. Yau shi ya faɗa da bakinsa."

Hambali bai tashi ba. A tsugunen ya kwance leda, ya buɗe gwangwani, ya fito da hular. Malamai suka sauko daga dandamali suka kewaye shi suna leƙe, har da babban baƙon da aka ce yana sauri. Wani ya miƙa hannu zai karɓa ya duba, Hambali ya ce a kalla dai daga nan. Kafin Dakta ta tafi tasha ta zare kaset ɗin ta sa masa a cikin gwangwani, ta ce tana da wani a ofis. Aka yi rawar rufe taro, an ce ta yi kyau. Mu dai muna waje, yana zaune a kan babur ɗina ya juya wa titi baya, ni kuma ina ta goge madubin da ba abin da ya same shi.

Ranar Litinin da kansa ya taka har layin Baba Boni. Tsohon ya zazzage shago kaf yana neman shuɗin da zai dace, ba a samu daidai ba, don na Kawu ya sha shekara ashirin a gwangwani ya kwanta, sabon kuwa sai ƙyalli yake yi. Haka ya karɓo. Yanzu kullum in ya kwashe hulunan mutane daga rana bayan la'asar, sai ya jingina da bangon nan, ya ɗora ƙyalle a gwiwa, ya kunna rikodar da ya aro wurin maƙwabci. Sitaci da ruwa sun mayar da yatsunsa kamar rogo. Ya yi layi uku ya warware biyu. Masu kawo wanki har sun haddace kaset ɗin, in an zo wurin tari su ma sai su yi. In aka zo wurin sunansa kuwa har yau amsawa yake yi, a hankali, yana zaton ba a ji.

Jiya na faka babur na leƙa aikin na ce, "Farfesa, wannan haɗin ai daga Bata ana hango inda Kawu ya tsaya ka kama. Nasa kamar rubutun alƙali, naka kamar kaza ta bi ta kan ɗanyen siminti. A wannan tafiyar sai jikokinka sun yi furfura ba ka kai ƙarshe ba."

Bai ɗago ba. Ya ja zare, ya sa haƙori ya datse.

"Ni rabin hula aka bar mini, ga shi ina ƙarasawa. Kai da ka fita sayen ƙosai tun aji biyu, tashi ka koma, an daɗe da kaɗa ƙararrawa."